Agogon Jama'a, Wa Ke Kula da Shi?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa. Ina gaida iyayenmu maza da ke zaune a gindin darbejiya da rediyo a gefe. Ina gaida iyayenmu mata da ke tsakar gida, sannunku da aiki. Mutanen Dambatta da Makoɗa, na Bichi da Tsanyawa, na Kunci da Minjibir da Dawakin Tofa, da duk inda muryar nan ta kai, Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Yau maganar agogo za mu yi. Ban da na hannu, ban da na cikin waya. Ina nufin agogon jama'a, wanda aka rataya domin kowa ya duba.

Duk mai yawo a ƙauyukanmu ya san abin da zan faɗa. Ka shiga masallaci, ka ɗaga kai sama da inda liman ke tsayawa, za ka ga agogon bango. Wataƙila wani alhaji ne ya kawo shi tsaraba daga Makka, da hoton Ka'aba a fuskarsa. Ƙurar hunturu ta dusashe gilashin, zanzaro ya gina gidansa a baya, hannuwan kuma sun tsaya cak a kan ƙarfe huɗu saura. Ka tambayi yaushe ya tsaya, a ce maka ai an daɗe. Ka tambayi me ya same shi, a ce wataƙila batir ne. Ka tambayi wa ke kula da shi, sai kowa ya dubi ɗan'uwansa. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce maganarmu ta yau.

Bari in kai ku nesa tukuna. A Ingila akwai wani gari da ake kira Salisbiri, yana da babban coci mai tsohon tarihi. A cikin cocin akwai agogon ƙarfe da ake danganta ƙirarsa da shekarar 1386, ana kuma lissafa shi cikin agogunan da suka fi tsufa a duniya da ke aiki har yanzu. Ku lura, a wancan lokacin ko Sarki Muhammadu Rumfa ba a haifa ba. Agogon nan ba shi da fuska, ba shi da hannu. Maƙera ne suka ƙera shi da baƙin ƙarfe, faifai masu haƙora suna cizon juna, igiya ta naɗe a jikin gungume, an ɗaura mata nauyi a ƙasa. Nauyin yana sauka a hankali, faifan suna juyawa, idan awa ta cika sai guduma ta bugi ƙararrawa, mutanen gari su ji su san lokaci.

Ya yi aiki kusan shekara 500. A 1884 aka kawo sabon agogo, aka ture tsohon gefe guda a cikin hasumiya, aka manta da shi. Sai a 1928 wani mai sha'awar agoguna ya hau hasumiyar domin ya duba sabon, ya ci karo da tsohon a yashe. Aka sauko da shi, a 1956 kuma aka yi masa cikakken gyara, aka mayar masa da irin sassan da aka san agogunan zamaninsa da su, ya tashi.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin nan shi ne wata takarda. Cikin takardun cocin na shekarar 1386 an ambaci tanadin gida ga mai kula da agogo. Wato tun ranar farko mutanen nan sun san ƙarfe ba ya raya kansa. Sun naɗa mutum, sun ba shi wurin zama, aikinsa ya ɗaga nauyin idan ya sauka, ya shafa mai, ya saurari bugun. Muddin akwai wannan mutum, agogo na tafiya. Da aka janye shi, shekara 44 agogon ya yi tsatsa na cinsa, alhali ba abin da ya hana shi aiki sai rashin mai taɓa shi.

Akwai wani agogon da mu Hausawa muka san muryarsa ko da ba mu taɓa ganinsa ba, wato Big Ben na birnin Landan, wanda bugunsa ya shiga kunnuwan masu sauraron BBC shekara da shekaru. Shi ba a coci yake ba, a ginin majalisar dokokin Birtaniya yake, ya fara aiki a 1859. Har yau sau uku a mako ake hawa a ɗaga masa nauyi. Kuma in ya fara gudu ko ya fara jan ƙafa, kun san da me ake daidaita shi? Da tsofaffin kwabbai. A kan sandar da ke lilo a cikinsa ake ɗora kwabo ko a cire, kwabo ɗaya yana canja tafiyarsa da ƙasa da rabin daƙiƙa a yini. Duk da wannan kulawa, ruwa da tsatsa sun ci hasumiyar da yake ciki. A watan Agustan 2017 aka dakatar da bugunsa, aka kwance injin gaba ɗaya, sassa fiye da dubu, aka kai su arewacin Ingila wurin masu gyara, aka wanke kowane haƙori. Sai a ƙarshen 2022 ya dawo bugawa kamar da. An fara kiyasin aikin a kan fam miliyan 29, aka ƙare a wajen miliyan 80, saboda da aka buɗe sai aka tarar ɓarnar ta fi yadda ake zato. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. Kula da lokaci tsohon aiki ne a masallatan Musulmi. A da, a manyan masallatan Masar da Sham akwai muƙami na musamman, na malamin da aikinsa kawai lissafin lokutan salla. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ibn Shaɗir na masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda a wajen 1371 ya sassaƙa agogon inuwa a kan dutsen marmara, aka ɗora a hasumiyar masallacin. A birnin Fas na Maroko, inda iyayenmu 'yan Tijjaniyya ke zuwa ziyara, akwai wani gida da Sarki Abu Inan ya sa aka gina a 1357, mai agogon ruwa. Tagogi goma sha biyu ne a jere, da tasoshin tagulla a ƙarƙashinsu. In awa ta cika sai taga ta buɗe, ƙwallon ƙarfe ya faɗa cikin tasa, mutanen kasuwa su ji. Ginin yana nan, an ma gyara fuskarsa. Amma agogon ya yi shiru, don injin ya salwanta, masu sanin sirrinsa kuma sun tafi ba su bar magaji ba. Ku gwada wannan da na Salisbiri. Can an rasa mai kula na ɗan lokaci, amma sana'ar tana raye, shi ya sa aka iya tayar da shi. A Fas sana'ar ce ta mutu, kuma wannan ita ce asarar da kuɗi ba ya mayarwa.

To, mu dawo gida. Mu namu agogon jama'ar na asali shi ne ladan, hasumiyarmu kuma ta ƙasa ce. Wanda ya je Katsina ya ga Gobarau, tsayinta wajen mita 15, wadda tarihin baka ke danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. A da daga kanta ake kiran salla, daga kanta kuma ake hango mahara. Wanda ya je Agadas ya ga tasu, mita 27, an fara gina ta a wajen 1515, aka sake ta a 1844, a 2013 kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Itatuwan nan da suka fito tsiri-tsiri a jikinta ba ado ba ne kawai, matakala ce ta magina. Wanda ya gina ta ya san za a riƙa hawa ana yaɓe, sai ya bar wa na baya wurin taka ƙafa. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, kowace shekara gari guda ke fitowa, maza da mata da yara, a yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, wanda gininsa na yanzu na 1907 ne.

Mu a Kano fa? Masallacin Juma'a na cikin birni da muke gani yau na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. Kafinsa akwai na ƙasa mai doguwar hasumiya, wadda yau sai dai a tsohon hoto. Badalar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, kowa na ganin yadda take zaizayewa. Ba na faɗar wannan don in ɗora wa kowa laifi. Ina faɗa ne don a ƙauyukanmu har yanzu akwai abin da bai kai ga salwanta ba: tsohon masallacin ƙasa mai rufin azara, zauren dagaci mai bakan gizo da zankwaye, soron da kakan wani ya gina.

Kuma har yanzu akwai dattawan da suka san yadda ake raya su. Ku je ku zauna da tsohon magini, ku ga aikin da idonku. Zai haƙo jar ƙasa, ya zuba ruwa, ya watsa ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana tana ruɓa, gobe a sake juyawa. Ya ɗebo da hannu ya mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, ya jera a rana. In ya zo yaɓen waje sai ya nemi makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ruwan ya yi ja, a kwaɓa ƙasa da shi, ruwan sama ya riƙa zamewa a jikin bango. In rufi ne ko indararo, akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Azara kuwa daga giginya ake tsaga ta, don gara ba ta cin ta da sauƙi. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan a ƙasarmu yake, daga gonarmu da marinarmu da majemarmu.

A nan zan tsaya in ja kunne, domin kuskure ne da ake yi da kyakkyawar niyya. Wani ɗan gari ya samu buɗi, ya ce zai taimaki masallaci, sai ya sayo buhunan siminti a shafe bangon ƙasa da shi. Shekarar farko abin gwanin sha'awa. Amma ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin danshi ya fita. Da ya ɗan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya kwanta tsakanin siminti da ƙasa, bango ya riƙa ruɓewa daga ciki ba wanda ya gani. Wata rana cikin Agusta sai fallen simintin ya ɓanɓaro gaba ɗaya, ya taho da rabin bango. Masu gyaran agogon Salisbiri ba su cire ƙarfen maƙera sun sa na zamani ba, irin nasa suka mayar masa. Ginin ƙasa ma haka yake so. In ana son sabon masallacin bulo saboda jama'a ta ƙaru, Allah Ya ba da iko, a gina a gefe, a bar tsohon ya zama makarantar allo ko wurin karatun dattawa.

Ku manoman wannan yanki kun fi kowa sanin abin da nake nufi. Gonakinmu a manne suke da juna, ba mu da dajin da za mu bar gona ta huta. Amma ga shi kaka da kakanni ana noma fili ɗaya kowace shekara, gero da dawa da wake da gyaɗa, bai mutu ba. Me ya riƙe shi? Takin da ake kaiwa a mangala kowane rani, kaɗan-kaɗan, ba fashi. Wanda ya yi shekara uku bai kai taki ba, ya san abin da zai girba. Kayan jama'a ma abin da suke nema ke nan.

Wani zai ce, Malam, yanzu ai kowa da waya a aljihu, me za a yi da agogon bango? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana da ɗan lissafi, ku ba ni kunnuwanku. Nijeriya gaba ɗaya agogo ɗaya take bi, awa ɗaya gaba da agogon GMT. Amma rana ba ta bin dokar gwamnati. Tana fitowa a Maiduguri kafin Kano, tana fitowa a Kano kafin Sakkwato. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai tazarar wajen rabin awa. Saboda haka wanda ya ɗauko jadawalin salla na wani gari, ko wayarsa ke saite da Legas ko Abuja, zai iya yin buɗa-baki rana ba ta faɗi ba, ko ya ci sahur alfijir ya riga ya keto.

Ko a gari ɗaya ma, tsakar rana ba ta tsayawa a wuri ɗaya. A nan ƙasar Kano, rana ba ta kaiwa tsaka da ƙarfe 12 daidai. A farkon Nuwamba tana kaiwa da wajen 12 da minti 10, a tsakiyar Fabrairu kuwa sai wajen ɗaya saura minti 20. Rabin awa ke nan tsakanin kaka da ƙarshen hunturu. Tsofaffin ladanai sun san wannan ba tare da takarda ba. Sukan kafa sanda a fili, ko su auna inuwarsu da tafin ƙafa. Inuwa ta yi ta raguwa tun hantsi, in ta daina raguwa ta fara ƙaruwa ta gabas, rana ta yi zawali, azahar ta shiga. In ƙarin ya kai tsawon sandar, bayan an cire inuwar da ta rage a lokacin zawali, la'asar ta shiga, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka karantar. Kuma ga abin da yara za su so su gwada: sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, rana kan bi ta tsakar kanmu sosai, sandar da aka kafa a miƙe ta kusa rasa inuwa gaba ɗaya. Malaman firamare da na Islamiyya, ga darasi kyauta, sanda da fili kawai yake buƙata.

To kun ga waya tana ba ka ƙarfe nawa ne, amma sai an samu mutum a gari wanda ya san yadda ƙarfen ya dace da rana a wannan wuri, a wannan wata. Agogon masallaci da allon nan mai fuskoki biyar da ake juya hannuwansu, su ne inda ake rubuta wannan sani domin kowa ya gani, da mai waya da marar waya, da tsohuwar da idonta ba ya ganin ƙananan lambobi. In sun tsaya, kowa sai ya bi nasa, ka ji masallatai uku a ƙauye ɗaya suna kiran magariba a lokuta uku.

Gyaran kuwa ba shi da wuya. Yawancin agogunan bangon nan na batir ne. Abin da ke kashe su shi ne a bar mataccen batir a ciki har ya yi ruwa, farin gishirin nan ya ci ƙarfen da batir ke taɓawa. Ku sauke shi, ku cire batirin, ku kankare wurin, ku sa sabo. In bai tashi ba, ku kai shi kasuwa. Har yanzu a manyan kasuwanninmu akan samu mai gyaran agogo a wata kusurwa, da ɗan teburinsa mai akwatin gilashi, da madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da hantsaki siriri, da gwangwanin da ya tara matattun agoguna yana cirar kayan gyara. Zai canja ɗan injin baya gaba ɗaya cikin 'yan mintoci, kuɗin bai kai na sabon agogo ba. Ku lura da shekarunsa, ku kuma duba ko akwai yaro a gefensa yana koyo. Sau da yawa babu. In kuna da tsohon agogo irin mai makulli, wanda ake murɗawa, mai sandar lilo da ƙararrawa, ina roƙonku kada ku zuba masa man gyaɗa ko baƙin mai, don mai kama ƙura yake yi, ya daskare, ya cinye haƙoran. Kada kuma ku sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Ku kai wa mai sana'ar.

Maganar nan ba ta masallaci kaɗai ba ce. 'Yan'uwanmu Kirista da ke da ƙararrawa a cocinsu, da hedimastan da ke da ƙarfen da ake bugawa a gindin bishiya, da unguwar da ke da famfon tuƙa-tuƙa ko fitilar sola ko batirin lasifika, duk tambayar ɗaya ce: sunan wa aka kira aka ce kai ne mai kula? Ni a ganina, kwamiti mai mutum goma bai kai mutum ɗaya da aka damƙa wa amana a gaban jama'a ba, aka kuma ware masa ɗan abin da zai sayi batir ko ya biya magini. Mun saba tara kuɗin sayen sabo, a yi taro, a yi addu'a, a ɗauki hoto. Kuɗin kulawa ne ba mu saba warewa ba, alhali shi ne mafi ƙanƙanta.

Saboda haka ga roƙona. Allah Ya gafarta Malam liman, ranar Juma'ar nan bayan an sallame, a ɗaga kai a dubi agogon, a kira sunan mutum ɗaya a ba shi amanarsa, a haɗa shi da ladan su riƙa daidaita allon lokuta duk mako. Ranka ya daɗe dagaci, da masu unguwanni, da zarar an gama kaka an shigar da amfani, a zagaya da tsohon magini a duba bangon masallaci da zaure, a share indararo, a toshe tsaga, a yi yaɓe tun kafin hadarin bazara ya fara haɗuwa. Samari kuma, musamman masu ƙungiyoyin aikin gayya, ku ba da biyu daga cikinku su bi maginin nan, ɗaya kuma ya zauna wurin mai gyaran agogo, tun suna da ƙarfin nuna muku.

Wanda ya gwada auna inuwa a garinsu, ko ya san wani tsohon gini ko tsohon agogo da ke neman gyara, ya aiko mana da labari, za mu karanta a shiri na gaba. A nan za mu dakata. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.